Haɗin Injiniya, Ɗinkin Hannu

Idan ana lissafin mutanen da duniya ba ta gama gode musu ba, a fara da Injiniya Haɗau, sauran su biyo baya a hankali. Mutum ne da aka yi wa baiwa har ta yi masa yawa, shi ya sa yake ɗiban ragowar yana rabawa a ofis, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Tabarau biyu gare shi, ɗaya na karatu, ɗaya na kallon ƙananan ma'aikata. Kujerarsa ce kaɗai mai juyawa a hawa na biyu, kuma ba ya juya ta sai zai faɗi maganar da ya kamata a rubuta a ajiye wa jikoki.

Ofishin nasu ƙaramin kamfani ne da ke rubuta wa mutane manhajar kwamfuta: ta makaranta, ta kantin magani, ta masu ba da hayar motoci. Tebur shida, fanka biyu, ɗaya ce ke aiki, kuma kowa ya san kan wa take. Injiniya ya riga kowa zuwa kamfanin. Ya riga firij, ya riga labule, manajan ma a nan ya same shi.

To, mece ce baiwar? Haɗa hanyar fayil. Kada ka yi dariya tukuna, bari in yi maka bayani. Kowane fayil a kwamfuta yana da adireshi kamar gida: folda kaza, a cikinta folda kaza, sannan sunansa. Tsakanin kowace gaɓa da mai bi mata ana sa wata 'yar sanda a karkace, masu aikin suna ce mata silash. Matsalar ɗaya ce tak. Kwamfutocin duniya gida biyu ne, wani gidan sandarsa gaba take jingina, wani gidan baya. In ka kai sandar baya gidan masu sandar gaba, ba za su ɗauke ta ƙofa ba, za su ɗauka wani harafi ne kawai a cikin suna. Saboda haka waɗanda suka tsara harshen da ake rubuta manhajar da shi suka tanadi wani ɗan umarni mai suna join. Ka miƙa masa gaɓoɓin, shi zai duba gidan da yake ciki ya sa sandar da ta dace. Layi ɗaya ne. Wanda ya yi mako biyu da fara koyo ma ya san shi.

Injiniya ma ya san shi, irin sanin da mutum ke yi wa maƙwabcin da ba sa gaisawa.

"Join?" in ji shi, yana sauya tabarau. "Wannan ai rigar kanti ce. A ɗinka ɗaya a rataya, dogo da gajere kowa ya zo ya zura. Ni ɗinkin hannu nake yi. Hanyar fayil aunawa ake yi, a ji ta a yatsa. Ku yaran yanzu ba ku san daɗin wahala ba."

Mafi ƙanƙanta a cikin yaran yanzun yana da furfura a gemu.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce Injiniya ya zauna ya rubuta nasa umarnin, layi ɗari uku da goma sha biyu, ya raɗa masa suna Haɗin Injiniya. Layi arba'in na farko tarihin rayuwarsa ne: makarantun da suka yi sa'ar samunsa, kwasa-kwasan da ya halarta, daga baya kuma ya ƙara da wani taro da aka ba shi minti huɗu ya yi goma sha ɗaya. Ya buga shafin farko a takarda mai ƙyalli, ya sa a firam, ya rataye daidai saman kansa don baƙo ya gan su tare. Sannan ya kafa doka: duk manhajar da za ta fita daga ofishin nan, da Haɗin Injiniya za ta haɗa hanyoyinta.

Kuma Haɗin Injiniya sandar baya kaɗai ya sani. Wannan ba mantuwa ba ce, aƙida ce.

"Ku dubi ta gaban nan," yakan ce. "Rusunawa take yi kamar mai neman aiki. Yanzu ku dubi ta bayan. A kishingiɗe take, zaman wanda ya isa. Ni ba na sa sanda mai roƙo a aikina."

Yana faɗa yana kwantar da bayan kujerarsa, har shi da sandar su yi kama sosai.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, aikin yana tafiya. Shekara da shekaru babu fayil ɗaya da ya ɓata, kuma Injiniya ba ya barin mako ya ƙare bai tuna wa jama'a wannan ba. Duk wata uku yakan buɗe Haɗin ya yi masa garambawul, ya ƙara layi biyar, ya cire biyu, sannan ya juyo da kujera.

"Kun ji yadda ya ƙara sauri?"

"Kamar iska, Oga," in ji Dogo, wanda teburinsa ke kusa da ƙofa, idonsa na kan silin.

Anti Shiru kuwa "uhm" kawai take cewa. Ita ce ke zaune bakin taga, mace mai ɗan jiki da kofin shayi wanda ba ya rabuwa da ita. Ta raini 'ya'ya huɗu, saboda haka ta daɗe da daina gardama da wanda yake jiran a ce masa ya iya.

Da haka ake tafiya lafiya lau, har ranar da aikin gida ya taso.

Surukin Injiniya, wanda kowa ke kira Baba Mai Hoto, ya shekara talatin da shida yana ɗaukar hoto a wani ɗan shago mai ɗaki biyu. A ciki akwai labule mai zanen tafki da duwatsu, da kujera mai ruwan zinare wanda ya fara ɓarewa, da furen roba, da wata tsohuwar wayar tarho baƙa da masu son a gan su da muhimmanci ke karawa a kunne su ɗaure fuska. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya rage, Baba zai rufe shago ƙarshen wata, wani tela zai shiga.

Shekarun baya Baba ya ɗauki shekara uku yana shigar da tsofaffin hotunansa cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama da 'yan watanni sai bututun ruwa ya fashe a ɗakin ajiya, ya jiƙa asalin fina-finan da duk abin da aka wanke a takarda. Abin da ya rage a duniya shi ne hotuna dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu da shida, a cikin wata tsohuwar kwamfuta da ke nishi in an kunna ta. A cikinsu akwai guda ɗaya da ya fi sauran nauyi. Matar Baba, mahaifiyar matar Injiniya, ta rasu tun 'yar tata tana shekara bakwai. Ta auri mai hoto amma ta ƙi kyamara har ƙarshen ranta. Sau ɗaya Baba ya shammace ta, ranar da aka buɗe shagon, tana tsaye a ƙofa tana dariya. Wannan kaɗai ne hotonta.

Aikin dai shi ne a kwashe hotunan zuwa na'ura mai lafiya, kowanne ya shiga foldar shekararsa da watansa. Matar Injiniya, Maman Biyu, ta yi mako guda tana kwafe littafin rajistar Baba, lamba da shekara da wata, ta buɗe foldojin da hannunta a cikin wata tsohuwar na'urar ajiya da manaja ya ba su, wadda ofis ya daina amfani da ita.

"Abban Biyu," ta ce da shi, "ko a roƙi Anti ta ɗan sa ido?"

A gida babu kujera mai juyawa, don haka Injiniya ya juyo da kansa gaba ɗaya.

"Ido a kan me? Aikin Baba ne fa. Wannan karon ma asalin Haɗin zan ɗauko, tsantsarsa, ba tare da tarkacen da 'yan ofis ke lulluɓe shi da su ba."

Haka kuwa aka yi. Ya kwafi fayil ɗin Haɗin shi kaɗai a 'yar filas ta kwamfuta, ya bar sauran fayilolin ofis a inda suke. Ranar Alhamis da safe ya isa shago da jaka da tabarau biyu. Ya buɗe wa kansa folda a sabuwar na'urar, ya sa mata suna "Na Injiniya, Kada A Taɓa", ya zuba 'yar manhajar da ya rubuta a ciki, ya jona tsohuwar kwamfuta, ya danna maɓalli da ɗan yatsa ɗaya daga nesa kamar mai buɗe sabuwar gada. Lambobi suka yi ta gudu. Kafin azahar allo ya rubuta: an gama, dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu da shida.

"Mu buɗe ko ɗaya mu gani," in ji Maman Biyu.

"Kin taɓa ganin likita ya gama tiyata ya ɗinke, sannan ya sake farkewa don ya ga ko ya iya? Dubawa ta mai shakka ce. Ranar Asabar kowa zai gani, a gaban jama'a, yadda ya dace."

Sannan ya juya kan tsohuwar kwamfutar, wadda Baba ya yi wa tela alkawarinta. Ya ce ba zai yiwu a miƙa wa baƙo hotunan mutane ba, sirri ne, kuma a nan kam gaskiya ya faɗa. Sai dai gaskiyar ta zo da wuri.

"Ba za a bar ta zuwa Asabar ɗin ba, ɗana?" Baba ya tambaya.

"Baba, ku kwantar da hankalinku. A hannuna kuke."

Ya goge ta sau uku, gogewar ƙwararru, irin wadda ko mai ita ba zai sake gane ta ba.

Ranar Asabar bayan an ci abincin rana, falon Baba ya cika. 'Ya'ya a kujera, jikoki a ƙasa, wata ƙanwar Baba da ba ta ji sosai an ba ta wurin gaba. An jona na'ura da talabijin. Injiniya ya miƙe ya yi ɗan taƙaitaccen jawabi na minti ashirin da biyar, inda ya taɓo tarihin kwamfuta, da nasa tarihin, da wuraren da biyun suka haɗu. Ƙanwar Baba ta tambaya ko ta'aziyya ake yi. Aka ce mata a'a.

Ya buɗe foldar watan farko a shekarar farko. Fari fat, babu komai.

"Tana daidaita zama," in ji shi. "Na'ura ma tana da numfashi."

Ya buɗe ta biyu. Ya buɗe ta goma. Ya sauya tabarau, ya sake buɗe ta farko, ko da za ta ji kunya. Ya ce a kashe fanka, tana iya shafar sigina. Aka kashe. Ya ce a ɗaga labule. Aka ɗaga. Folda talatin da shida, kowacce da 'ya'yanta goma sha biyu, duk an share su tas kamar gidan haya ranar tashi.

Baba ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar.

"Ba komai," ya ce, da muryar da ta nuna akwai komai.

Maman Biyu ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga, da ya fi sauƙi.

"Abban Biyu, ina mamata?"

Injiniya ya sake sauya tabarau.

Ranar Lahadi ya wuni yana bincike. A yaba masa, ya bi na'urar nan lungu-lungu, folda bayan folda, ban da guda ɗaya. Wadda aka rubuta "Kada A Taɓa" bai taɓa ta ba, domin shi mutum ne mai girmama dokar manya. Zuwa la'asar ya fitar da jerin waɗanda ake zargi: wutar lantarki, na'urar da manaja ya bayar, ƙwayar cutar kwamfuta, tela, da masu baƙin ciki. Ya karanta wa Maman Biyu. Ta saurara har ƙarshe, ta ce sunan mutum ɗaya ne ba ta ji ba.

Shirinsa na Litinin shi ne ya shiga ofis da na'urar a ɓoye, ya ce ta wani abokinsa ce. Amma Maman Biyu ta riga shi ɗauka. Ta sa ta a jakar cefane ta hau bene da ita, Baba na biye yana hutawa a kowane mataki na uku, da wani kwali a hammata. Injiniya ne na ƙarshe, yana gaisawa da bango.

Jakar ta sauka a teburin bakin taga.

"Anti, ki taimake ni," in ji Maman Biyu. Ta ba da labarin a jimla huɗu.

Anti Shiru ta ture kofin shayi gefe, ta ba Baba kujerarta, ta jona na'urar a tsaye.

"Oga, daga wace folda ka kunna manhajar?"

"Wannan ba ta shafi binciken ba. Ni a nazarina, matsalar daga…"

Ta riga ta danna. Foldar "Kada A Taɓa" ta yi ɗan jinkiri, irin na ɗakin da aka cika da kaya har ƙofa ta ƙi buɗuwa, sannan ta buɗe. Ga su nan. Dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu da shida, a jibge wuri ɗaya, kowanne da suna mai tsawon igiyar shanya: shekara, sanda, wata, sanda, lamba. Sandunan duk a kishingiɗe, zaman waɗanda suka isa.

"Suna nan, Baba," in ji Anti. "Ko ɗaya bai ɓata ba. Wannan na'urar 'yar gidan sandar gaba ce. Da aka ba ta ta baya ba ta ga ƙofa ba, sai ta ɗauki adireshin duka a matsayin suna, ta ajiye su a inda take tsaye."

Maman Biyu ta zauna a kan teburin Dogo ba tare da ta nemi izini ba. Dogo ya janye kibod ɗinsa.

Da wani mutumin ne, a nan zai yi godiya ya yi shiru. Amma ba a zama Injiniya Haɗau da yin shiru.

"Ba zai yiwu ba. Irin wannan na'urar ce muke aiki da ita a ofishin nan. Shekara goma sha huɗu Haɗin Injiniya yana gudu, ko tuntuɓe bai taɓa yi ba. A duba wani wurin."

Dogo ya yi tari. Silin ya sake samun mai kallo. Anti ta ɗauki kofinta ta leƙa ciki, ko akwai hanyar fita ta nan.

"'Yata," in ji Baba, "ni tsoho ne, sana'ata kallon fuska. Akwai maganar da kike riƙewa. Sake ta."

"Oga," ta ce a hankali, "ka tuna lokacin da ka tafi taron nan na minti huɗu?"

"Goma sha ɗaya."

"To, a makon ne aka sauya na'urorin ofis zuwa na sandar gaba. Washegari komai ya tsaya. Ba mu so mu ɓata maka taro. Sai na sa layi ɗaya a wani ɗan fayil, cewa duk manhajar da ta kira Haɗin Injiniya, a miƙa mata join."

"Wane fayil? Ban taɓa ganinsa ba."

"Babu sunanka a ciki, Oga. Mun san ba za ka buɗe ba."

"Tun yaushe ke nan?"

"Shekara tara, watan gobe."

"Garambawul ɗin da nake yi fa? Saurin da yake ƙarawa?"

"Kamar iska, Oga," in ji Dogo, don bakinsa ya riga ya saba.

Anti ta ja kujerar roba ta rubuta 'yan layuka, ba su kai tsawon tarihin makarantar firamaren Injiniya ba. Kafin shayinta ya gama hucewa, kowane hoto ya shiga ɗakinsa. Kuma ita mai shakka ce, don haka ta duba. Maman Biyu ta faɗi shekara da wata da lamba, da ka, ba ta ko buɗe littafi ba.

Wata matashiyar mace ta cika allon, tsaye a ƙofar shago mai sabon fenti, hannu ɗaya ya taso zai kare fuska amma dariya ta riga shi. Maman Biyu ta kai yatsa kusa da allon ba ta taɓa ba. Baba ya daɗe yana kallo.

"Ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba saboda hoton nan," ya ce. Ya share ido da bayan hannu. Sannan, da yake tsohon ba ya iya daɗewa cikin jimami ba tare da ya nemi abin tsokana ba, ya ce, "'Yata, shiga shekara ta goma sha takwas, wata na huɗu. Akwai wani babban mutum."

Ta shiga. Ga wani siririn saurayi cikin kwat ɗin aro mai faɗin kafaɗa, zaune a kujera mai ruwan zinare, tafki da duwatsu a bayansa. Ya kara baƙar wayar tarho a kunne, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya haɗe gira, da gani yana ba wani umarni mai tsanani.

"Ranar da ya fara zuwa shagona ke nan, wai hoto ya zo ɗauka," in ji Baba. "Maman Biyu kuma tana teburin karɓar kuɗi tana rubuta rasit. Sau huɗu ya sa na sake ɗauka."

Sai ya buɗe kwalin da ya hau bene da shi. Da ma na Anti ya kawo, don kada ya zo hannu rabbana, amma ya ce ya sake shawara, za a nemo mata wani abin. Ya fito da wayar, baƙa, mai nauyi, igiyarta na reto babu komai a bakinta. Ya taka a hankali har teburin surukinsa, ya ajiye ta daidai ƙarƙashin firam.

"Riƙe ta, ɗana, kun dace. Shekara talatin da shida manyan mutane suna ba da umarni a cikinta, kuma ba ta taɓa ɓata wa kowa aiki ba. Sirrin ɗaya ne. Kada a jona ta."

Wayar tana nan a teburin har yau. Duk baƙon da ya shigo, Injiniya yakan kwantar da bayan kujera ya nuna ta da tabarau, ya ce lambar girmamawa ce da wani tsohon kamfanin ɗaukar hoto ya ba shi, bayan ya ceto musu hotuna dubu arba'in da ɗaya. Ba wanda ke musa masa. Anti Shiru dai kullum da safe, kafin ta zuba shayi, takan ɗan leƙa ƙarƙashin teburin ta tabbatar igiyar tana nan a ƙasa inda aka bar ta.